Sarƙa, firiwil da yashi: tarihin keke a ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Runji

Yau zancen keke ne. Na san wani zai ce duk abin da ke faruwa a ƙasa a rasa na faɗi sai keke, to ka ɗan yi haƙuri ka ji. Gobe da safe ka tsaya bakin kwalta a Caduwa, ko Gazawa, ko Tsibiri, ka ƙirga kekunan da za su wuce ka kafin rana ta yi zafi: ɗan kwaleji da jakarsa a baya, mai jarkoki huɗu na ruwa, manomi da rabin buhun aya a kariya. Da dama cikin kekunan ga sun yi shekaru jingine a bayan rumbu, tsadar man fetur ce ta sa aka kakkaɓe su. In ka saurara da kyau kuma, kusan ciwonsu guda ne: sarƙa tana zamewa, feda tana ƙara, mai keke yana haɗa gumi tun bai yi nisa ba.

Ɗan ƙanwata ne ya tado mini da maganar. Bana zai zauna jarabawar BEPC, tsakanin ƙauyensu da kwaleji kuwa kilomita 9 ne, rabin hanyar yashi zalla. Ubansa ya sayar da tunkiya ya sai mashi keken gwanjo mai giya 18, ja, gwanin kyau. Wata 4 bai cika ba yaro ya koma tura keke, kullum sai an shiga aji yake isa, har ya fara zancen ya bar karatun ya bi 'yan uwansa ci-rani. Ya zo ya same ni ya ce: “Kawu, ka taimaka a sa mini sabon abin canja giya, irin mai tsadar nan.” Na ce mu je wurin wani tsoho mai gyaran keke, wanda tun ina yaro yake zaune ƙarƙashin bedi guda da akwatin kayan aikinsa.

Tsohon bai ko dubi abin canja giyar ba. Ya kama sarƙa da yatsa biyu daga gaban farantin feda ya jawo, sai ga haske tsakanin sarƙa da haƙora. Ya dube ni ya ce: “Ɗana, giya 18 cikin yashin ga namu? Mahaifinka da giya guda ya riƙa zuwa Jibiya ya dawo a yini.” Na ce: “Baba, ai zamani ya canja.” Ya ce: “Zamani ya canja, yashi bai canja ba.” Wannan magana ce ta sa na koma bin tarihin abin tun daga tushe, don na gane me ya sa baƙin keken iyayenmu yake shekara 30 yana aiki, na yanzu kuma damina guda ke gama da shi.

Keken farko na Turawa ba shi da sarƙa. Feda a manne take da ƙafar gaba, taku guda zagaye guda, shi ya sa suka riƙa yin ƙafar gaba ƙatuwa, mutum na can sama kamar bisa raƙumi. A 1880 wani injiniya mai suna Hans Renold, a birnin Manchester na Ingila, ya ƙera irin sarƙar da muke amfani da ita yau. A 1885 John Kemp Starley na Coventry ya fito da keke mai ƙafafu kusan daidai, sarƙa na jan ƙafar baya. A 1888 Dunlop ya kawo tayar iska. Cikin shekara 8 ke nan aka haɗa keken da muka sani. Abin mamaki, tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa a sarƙar keke rabin inci ce, wato milimita 12.7, kuma har yau haka take, ko keken Sin ne, ko na Indiya, ko na tseren Faransa. Ka riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

To ta ina keke ya biyo ya iso mu? Ta hanyar da gyaɗa ta fita. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sannu a hankali har ya haura iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20. Kamfanonin Turawa irin CFAO da SCOA suka kafa kantuna a Maraɗi, aka riƙa kafa sikeli a garuruwa lokacin kaka. Shekaru da yawa gyaɗar ƙasar Maraɗi kudu take yi, ta Katsina zuwa tashar jirgin Kano, don ita ce hanya mafi kusa da teku. Motar da ta kai gyaɗa ba ta dawowa wayam: yadi, kwanuka, fitilar ƙwai, gishiri, da keke. Iyakar ma dai a takarda ta fi ƙarfi. Katsinawan Maraɗi da Tasawa danginsu na Katsina, Gobirawan Tsibiri da Gidan Runji danginsu na Sabon Birni, ana aure, ana cin kasuwar juna. Shi ya sa duk da Faransa ke mulkinmu, keken da ya fi shiga ran manomin nan na Ingila ne: Raleigh, wanda bakinmu ya mayar Rali, ƙirar birnin Nottingham. Nijeriya na cikin manyan kasuwanninsa a duniya, har daga baya aka kafa masana'antarsa a Kano. Tsofaffi na tuna tallarsa, mutum bisa keke zaki na bin sa bai cim mashi ba.

A wancan zamani keke ba abin wasan yara ba ne. Sai an sayar da gyaɗa, an biya haraji, an ajiye hatsin shekara, sannan mai gida zai yi tunanin rediyo ko keke. Wanda ya saya, ranar gari duka sai ya zo kallo. A naɗe ƙarfen da roba mai launi, a sa madubi biyu, a ɗinka wa sirdi riga. Na mahaifina na tashi na tarar da shi cikin ɗaki yake kwana, bisa tabarma, mu kuwa ko ƙararrawar ba mu isa mu taɓa ba. Mu a keken haya muka koya, ana biya da awa, kuma tabon yana nan a gwiwata har yau.

Ga abin da ya kamata mu lura da shi game da wannan baƙin keke. Ƙafarsa inci 28, birkinsa na sandar ƙarfe, giyarsa guda. Sarƙarsa mai kauri ce, faɗinta kashi 1 cikin 8 na inci, kuma da yawa suna zuwa da gidan sarƙa na kwano wanda ya rufe ta ruf, ƙura ba ta shiga. Masu hali kan sayi mai giya 3 ta Sturmey-Archer, wadda aka fara yi a Nottingham a 1902, ita kuma duk kayanta a cikin cibiyar ƙafar baya suke, a rufe. Wato tun shekara 100 da suka wuce an san maganin yashi: a ɓoye mashi ƙarfe. Mu ne muka riƙa cire gidan sarƙar muna jefarwa, wai yana ƙara, wai yana hana gyara da sauri.

Akwai kuma kekunan Faransa, irin Peugeot, galibi hannun ma'aikata da 'yan boko. Nan ne rigimar Ingila da Faransa ta shigo har cikin akwatin mai gyara. Ingila da inci take awo, Faransa da milimita. Zaren da ake murɗa firiwil a kai, na Ingila zare 24 ne a inci guda, na tsohon keken Faransa kuwa tazarar milimita 1 ce. Da ido ba ka bambanta su. Firiwil zai fara shiga lafiya, zagaye biyu, uku, sai ya cije, in ka matsa da ƙarfi ka cinye zaren cibiya, ƙafa ta tashi aiki. Haka feda, haka ƙusar da ke riƙe hannun feda: ta Ingila milimita 9 da rabi, ta Faransa 9. Ita ma Rali tana da nata taurin kai, don a gindin feda zarenta 26 ne a inci, na sauran 24. Har sunayen kayan biyu ne a bakinmu: wanda ya yi Kano ya ce firiwil da cen, wanda ya yi lakkwal ya ce pinyo da shen. Tsohon nan nawa yana da gwangwani biyu na tsofaffin noti, guda ya ce na Ingilishi, guda na Faransi, kuma bai taɓa haɗa su ba.

Bayan samun 'yanci gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don sayen gyaɗa, kuma shekarun 1960 su ne ganiyar abin. Sai fari na 1973 da 1974, sai cutar da ta kama gyaɗa a 1975. Daga nan gyaɗa ba ta sake komawa yadda take ba, manoma suka karkata ga wake, riɗi, da aya wadda yanzu ita ce alfaharin Caduwa da Agye. Kuɗin sayen sabon Rali ya yi wuya. A watan Afrilu na 1984 Nijeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Maris 1986, ga yunwar da mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari. Shekarun nan ne suka mayar da masu gyaran kekenmu maƙera na gaske: a juya farantin da ya cinye, a goge haƙori da zarto, a haɗa sarƙa guda daga matattun sarƙoƙi uku.

Waɗanda suka cike gurbin Rali su ne kekunan Sin da Indiya: Phoenix na Shanghai, Flying Pigeon na Tianjin wanda aka fara a 1950, Hero na Ludhiana da aka kafa a 1956. Dabararsu guda ce, kuma ni a ganina ita ce ta ceci keke a ƙauyukanmu: ba su ƙirƙiro sabon awo ba, suka kwaikwayi baƙin keken Ingila, ƙafa 28, sarƙa mai kauri, zaren firiwil iri ɗaya. Ƙarfensu bai kai na Rali ba, kowa ya sani. Amma firiwil ɗin Indiya zai hau ƙafar Sin, sarƙar Sin za ta zauna bisa farantin Ingila, kuma duk ranar kasuwa za ka same su shimfiɗe a buhu, daga Gangara har Cadakori. Da aka karya darajar sefa ranar 12 ga Janairu 1994, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan Turai suka fi ƙarfin talaka, sai waɗannan suka gama mamaye kasuwa.

Daga shekarun 2000 kuma sai moto na Sin, irin su Kasea, ga man 'yan ruwa-ruwa mai arha daga tsallaken iyaka. Saurayi ya ga hawan keke abin kunya ne, aka bar wa yara da tsofaffi. A lokacin ne gwanjon Turai da Japan ya riƙa shigowa ta tashoshin Kwatano da Lome, masu giya barkatai, kowane da irin kayansa. Ana nan sai Nijeriya ta cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wata 2 bayan haka aka yi juyin mulki a Yamai, iyaka ta rufe daga Agusta har Maris 2024. Mai ya yi tsada, kayan gyaran moto suka yi tsada, aka koma bayan rumbu neman keke.

To me ke kashe keken gwanjo a nan? Giyarsa a waje take. Wannan tsari an yi shi ne don tsere da hawan dutse, ko a gasar kewaya Faransa sai 1937 aka yarda da shi. Kamfanin Shimano na Japan, wanda aka kafa a 1921 kuma da firiwil ya fara, shi ya baza shi duniya. Abu ne mai kyau inda ƙasa ke da tauri. Amma sarƙarsa siririya ce, kashi 3 cikin 32 na inci, don ta shiga tsakanin haƙoran da ke jere. Ƙarfen canja giyar yana reto kusa da ƙasa, yana shaƙar yashi, keke na faɗuwa sau ɗaya ya lanƙwashe. Sai mu kuma mu ƙara da namu: mu kwarara wa sarƙa baƙin man da aka juye daga moto. Baƙin mai da yashi in suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, suna cin ƙusoshin sarƙa daga ciki. Sarƙa ta yi tsawo, ta daina zama daidai cikin haƙora, ta fara cin su har su yi tsini kamar ƙaya.

Nan lissafin rabin incin nan yake amfani, kuma kowa na iya yin sa a gida da rular ɗan makaranta. A sabuwar sarƙa, daga tsakiyar wata ƙusa ka ƙirga tazara 24, za ka samu inci 12 cif, wato santimita 30 da rabi. In ta ƙaru da milimita 1 da rabi, lokacin canja sarƙa ya yi. In ta kai milimita 3, ta riga ta ci firiwil, sai a canja su tare. Kuskuren da muka fi yi ke nan: a sayi sabuwar sarƙa a ɗora bisa tsohon firiwil don tsimin kuɗi, a hau, a taka da ƙarfi, ta yi tsalle, a ce ɗan kasuwa ya sayar da jabu. Wani lokaci jabun ne, ba na musu. Sau da yawa dai tsohon haƙori ne ya ƙi sabuwar sarƙa.

Ga mai baƙin keke, gyaran da ya fi kowane riba shi ne ƙara haƙoran baya. Galibi suna zuwa da faranti mai haƙori 44 ko 46, firiwil mai 18. Da 46 da 18, taku guda na kai ka wajen mita 5.7. Wannan lissafin titin Ingila ne, mutum shi kaɗai ba kaya. Ka sa firiwil mai 22, taku guda ya koma wajen mita 4.7, nauyin da ƙafarka ke turawa ya ragu da kusan kashi 1 cikin 5. A kwalta za a wuce ka, gaskiya ne. A yashin hanyar gona kuwa, da buhu a baya, kai kana bisa sirdi wancan yana turawa. Sai dai ka tuna haƙori 4 na ƙari na son a ƙara wa sarƙa inci guda, don haka kada ka yar da guntun da aka yanke.

Mu dai ga yadda muka yi da na yaron. Tsoho ya ara mana abin kwance firiwil da abin fasa sarƙa, ya ce mu je gida mu yi da hannunmu, don yaro ya koya. Ranar Lahadi muka shimfiɗa buhu a tsakar gida, saboda in ƙwayar boris ta faɗa yashi sai dai wata. Firiwil da taku yake ƙara ɗaurewa, saboda haka kwance shi sai da muka sa wa sifana dogon bututu, muka murɗa hagu, ni da uban yaron. Muka duba zaren cibiya lafiya lau. Muka shafa giris, muka fara murɗa sabon firiwil mai jeri 6 da hannu kawai, ya shige sumul har ƙarshe. Farantan gaba uku ne, na tsakiya mai haƙori 38 bai ci sosai ba, muka bar shi. Ƙarfen canja giyar da ya lanƙwashe muka cire shi gaba ɗaya, da wayoyinsa.

Wurin da ya ɗauke mu lokaci shi ne zaɓen inda sarƙa za ta zauna. Dole ta miƙe sak daga faranti zuwa haƙoran baya, in ta karkace za ta riƙa hawa na kusa da ita, ta ɗaure ko ta faɗi. Muka tsuguna bayan keke muna leƙe da ido guda kamar masu duban wata, muka ga mai haƙori 21 ne ya yi daidai. Muka yanke siririyar sarƙa sabuwa a kansa, don mai kaurin nan ta baƙin keke ba ta shiga tsakanin jeri. Allah ya taimake mu ramin da ƙafar baya ke shiga dogo ne, ana iya jan ƙafa baya a ɗaure, muka bar wa sarƙa sassauci kamar faɗin yatsa. Wanda ramin kekensa gajere ne, gara ya bar ƙarfen canja giyar a wurin ya riƙa jan sarƙa, ya ɗaure 'yan sukurorinsa biyu don kada ya motsa. Feda ta hagu ta so ta ba mu kunya: zarenta a juye yake, dama ake murɗawa a kwance ta, uban yaron kuwa sai ƙara ɗaure ta yake yana cewa tsatsa ce.

Yaro bai ji daɗi ba da farko. Ya ce: “Kawu, yanzu abokaina za su ce keken tsofaffi gare ni.” Uwarsa daga bakin murhu ta ce: “Su ce mana, in dai kana isa aji.” Na ba shi tsumma da ɗan kwalbar man keken ɗinki, na ce duk Juma'a ya goge sarƙa, in ta yi dauɗa ya wanke da kananzir, ya ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, sannan ya share na waje tas har ta zama kamar ba a sa ba.

Da na mayar wa tsoho kayan aikinsa, ya tambaye ni haƙori nawa muka sa. Na ce 38 da 21. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, ya ce ya yi, amma in damina ta sauka hanya ta yi tauri a mayar da sarƙar kan mai 18 in ta miƙe daidai. Sannan ya buɗe gwangwanin Ingilishi ya ciro wani tsohon firiwil mai haƙori 20, baƙi ƙirin, ya juya shi kusa da kunnena yana ƙas-ƙas-ƙas. Ya ce daga keken mahaifina ya cire shi shekarar El-Buhari, da niyyar in an buɗe iyaka a sa sabo, mahaifin nawa kuma bai dawo ya karɓi tsohon ba. Na ce nawa zan biya. Ya ce in kawo mashi goro.